Shafin Gwiwa

Shekara talatin da huɗu ina taka keke a Kwarbai.
Ƙafar dama ce gwanar,
ta hagu 'yar rakiya ce.
Ban taɓa tambayar ko ɗaya ba: kin gaji?

Sai bara, a zaman tahiya,
na ji ƙas, kamar an karya tsinken tsintsiya.
Aka sallame, kowa ya miƙe abinsa,
ni sai da na dafa kafaɗar Malam Tanimu,
na wayance da tambayar lafiyar iyali.

Man zafi na shafa, man shanu na shafa.
Hoton farko ya ce ƙashi lafiya lau.
To, wa ke cizona da asuba?

A Shika suka ce in cire duk wani ƙarfe.
Na ajiye makulli, na ajiye agogo,
har allurar da na manta a jikin hula.
Suka tura ni cikin wani farin rami mai sanyi,
ya yi ta ƙwanƙwasa kamar ana bugun shadda,
ni ko motsi an hana ni.
Na yi salati, na ƙirga bashin da nake bin mutane.

Dakta Nuratu ta juyo da allon wajena.
Ga gwiwata, an yanka ta ba wuƙa, ba jini.
Ta sa bakin biro a kan wani siririn layi toka-toka.
Guringuntsi ke nan, Baba.
Nan da kaurinsa. Nan kuma, duba,
ya fara cinyewa.

Ai ban bari ta ƙarasa ba.
Na san wannan.
Shafi ne.
Riga takan yi kyau a ido, aska takwas ɗinta na ƙyalli,
sai ka juya cikinta
ka ga wuyan ya sirance,
zare ɗaya-ɗaya yana kallon rana.

Na ce, to a yi masa faci mana.
Ta yi murmushi.
Wannan yadin babu shi a Sabon Gari, Baba.
Amma da sauransa, ka zo da wuri.
Rage tuwon dare. Yi tafiya a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya.
Ƙarfafa cinya ta ɗauke masa kaya.

Ni da nake faɗa da masu kawo riga
sai ta yage har gindi,
yau ni aka yaba wa sammako.

Yanzu bayan asuba nakan taka har Ƙofar Kuyambana in dawo,
a hankali, kamar mai ɗinkin hannu.
Ambulan ɗin hoton yana ƙarƙashin aljihun zare.
Na ɗiga wa keke mai,
na daɗe riƙe da kwalbar ina duban gwiwata.

Sannan na ɗora ta hagu a kan mataki.
Ɗinkinta bai miƙe ba tukuna.
Ta lalata mini wando biyu.