Tukwanen Hurera

A Rafindadi, bayan ɗakin girki,
Hurera ta bar mini tukwane tara,
da gwangwanin manja mai huda a gindi,
da lalle guda da ya fi ni tsawo.
Ban san sunan rabinsu ba.
Tana raye tana yi musu magana,
ni ina gefe, rediyo a kunne.

Bazarar farko na kusa kashe su.
Na sheƙa musu ruwa da rana tsaka,
ganye ya soye kamar an kifa a kasko.
Uwani jikata ta ce, ba haka ba ne,
Inna da asuba take yi,
da ruwan alwalar da ta tara a kwano.
Tun ranar nake alwala a gindin yasmin.
Ɗan garuwa ya ƙara kuɗin jarka,
na rage shayi, ban rage musu ba.

Ruwan fari ya sauka daren Laraba,
indararo ya fasa tukunya guda.
Na tone gwazarma, kaji suka yi biki.
Ciyawa ta shigo ba sallama,
na tuge, na tuge,
ashe har da abin da ba ciyawa ba.
Kwana biyu ban iya duban gurbin ba.

Da kaka akuyar Malam Gambo
ta tarar da ƙofa a buɗe,
ta cinye wardi har ƙaya.
Ya zo ban haƙuri da kwandon takinta.
Na ce to, abin da ta ci ta biya.
Iri kuwa na ƙulle a ƙyallen zanenta,
ƙulli uku: ja, fari, da ban-sani-ba.

Da sanyi ya kama, duk suka yi shiru.
Wani reshe ya bushe, na ce shi ke nan,
na kankare shi da farce,
sai ga kore a ciki yana jira.
Na lulluɓe gindinsa da ƙaiƙayi
yadda ake rufa wa mai zazzaɓi.

Yau da na fito, gwangwanin nan
ya yi fure ɗaya, ruwan ɗorawa.
Na juya wajen ƙofa: zo ki ga!
Uwani ce ta leƙo, soso a hannu.
Na ce meye sunansa?
Ta ce ita ma ba ta tambaya ba.

Muka tsaya a kansa mu biyu
har ruwan butata ya huce.