Nauyin Tagulla

Ruwan Ikko ya kwana yana zuba.
Gari ya waye da ƙarnin kifi da hayaƙin danfo,
na turo kurata ta bayan layin dogo, Ebute Meta,
ina kiran gwangwan, ina kiran tsohon ƙarfe.

Wata dattijuwa ta yafito ni daga bene.
Mai gidanta, Baba Olaniyan, jiya aka yi arba'in ɗinsa,
'ya'ya na son ɗakin, 'yan haya za su zuba.
Ta miƙo gwangwanin biskit mai tsatsa a murfi:
"Auna, Malam. Ko nawa ne, kawo."

Lambobin tunawa ne, tagulla da farin ƙarfe,
kowace a naɗe cikin ƙyallen atamfa.
Shekara talatin yana tara su, in ji ta,
har kuɗin cefane yakan taɓa.

Ga wani fada mai gemu, iskar teku ta cinye masa hanci.
Ga wata mai lulluɓi, hannu biyu a ƙirji.
Ga alfa da rawani, Yarabanci ya kewaye shi kamar shinge.
Ban san ko ɗayansu ba,
amma wani ya ji zafin rashinsu
har ya kai kukansa gun maƙeri.

Ta ƙarshe ba ta da fuska.
Allo ne kawai, da alƙalamin kara,
da ajami ƙanana kamar sawun tururuwa.
Na goge da bakin riga, na haɗa baƙi a hankali:
Malam Barmo, mai karatun asuba a zangon Agege.

Sai na ji muryar kakata Tabawa, tana tsinkar zogale:
"Shi ya sallaci kakanka a can kurmi,
fataken goro sun wuce, ba dangi, ba likkafani,
ya kwance rawaninsa ya rufe shi."

Sikeli ya ce kilo ɗaya da kwata.
Sikeli bai iya karatu ba.
A Ijora wutar Oga Sabitu na jira,
wadda ke haɗa liman da fada a tukunya guda
su fito marikin ƙofa.

Na biya ta kuɗin tagulla, na ɗora na kunya.
Ranar ban ci ribar sisi ba.

Da dare, ƙarƙashin gada, tirela na girgiza siminti,
na jera su a gefen tabarma, fuska sama,
Malam Barmo kusa da kaina.
Ɗanjuma ya leƙo ya ce, "Nawa za ka sayar?"
Na ce masa baƙi ne, gobe ma suna nan.