Maɓalli Uku

Ofishinmu ɗaki biyu ne a Rayfield,
saman shagon mai gyaran janareta.
Muna sayar da shawara, mu ƙera manhaja,
abin da haya ta bari mu raba.

Madam Ladi Dung ta shigo da laka a takalmi,
dillaliyar dankali daga Bokkos.
"Buhunana na ɓata tsakanin gona da Farin Gada.
Ku yi min abin da zai ƙirga."

Wata uku muka kwashe.
Nanfa ya zana shafi goma sha bakwai,
na ƙara taswira, har da hasashen ruwan sama.
Muka sha shayi, muka yabi kanmu.

Direbanta Sale ya karɓi wayar,
yatsu duk baƙin mai.
Ya juya ta, ya sake juyawa:
"In na gama lodi, ina zan danna?"

Ba wanda ya tanka.

Daren nan muka kwana yanka
kamar masu feraye.
Maɓalli uku suka tsira:
na ɗauka, na kai, an biya.

Rabin kuɗinmu ya shigo ta banki.
Ragowar ta zo a buhu biyu, bayan motar Sale.
Har yau shi muke soyawa.