Albasa a Gadar Ngeli

An rufe gada tun kafin isha,
jandarma ya ce sai gobe.
Buhu ɗari biyu na albasar Marwa
suna gumi a bayan mota,
ni da Nomau mun baje tabarma
tsakanin taya da taya.
Can ƙetaren Logon, fitilun Njamena.
Nan Kusuri an ɗauke wuta.

Da wuta ta tafi, sai sama ta matso.
Na ce, "Ga Zara can, matar wata,
yau ta fito ba mijinta."
Nomau, karen motata,
wanda ya bar makaranta saboda kuɗin jarrabawa,
ya yi dariya cikin kofin shayi:
"Maigida, ba tauraruwa ba ce.
Duniya ce, 'yar'uwar tamu,
da hasken aro take kwalliya.
In ta yi watanni tana cin kasuwar yamma
sai ta koma ta asuba,
ku ce mata Gamzaki."

Na ce, "Yaro, shekara talatin ina tuƙin dare."
Ya ce, "Ka taɓa ganin su biyun a dare ɗaya?"
Na buɗe baki.
Na mayar na rufe.

Ya zaro albasa ta ramin buhu,
ya dasa ta a ƙasa: "Ga rana."
Ya ƙirga taki goma sha biyar,
ya tsinci ƙwayar gero, ya ɗora kan murfin kwalba,
ya haska da tocila: "Ga mu.
Kai da ni da mota,
Kamaru da Cadi,
har jandarma da hatiminsa."
Ya ƙara gaba har gindin tankar mai,
ya ajiye gyaɗa guda.
Daga can ya kira, "Mushtari ke nan!
Zuhal yana wajen mai tsire!"

Da ya dawo na ce, "To, albasa ta biyu fa?
Tauraron da ya fi kusa, ina za ka kai shi?"
Ya yi lissafi da yatsa a kan taya.
"Makka," in ji shi.
"A wannan ma'auni sai dai Makka."
"Tsakani fa?"
"Duhu. Ba rugar kowa,
ba shinge, ba kwastan, ba mai shayi."

Ni da na sha faɗa wa mutane
Duwala da nisa!

Kaza da 'ya'yanta na bisa kanmu,
kamar yadda kakata Tabawa ta bar su.
Ya ce hasken da ke taɓa idona yanzu
ya taso fiye da shekara ɗari huɗu,
tun ba gada,
tun ba wanda ya ja layi a tsakiyar ruwa.
Tafiya ba hutu, ba takarda,
ga shi ya sauka a idon direba
da bai iya ƙetare kogi ɗaya ba.

Nomau ya yi barci da takalmansa.
Ni na kwanta rigingine,
ina jin ƙasa a bayana
kamar mota mai tafiya ba ƙarar inji.
Subhanallahi, wa ya ɗaure wannan kaya
ba igiya, ba tamfol?

Da asuba akuya ta cinye rana,
wani ya taka Mushtari.
Ta gaskiyar ta leƙo ta bayan Shari,
Nomau ya ce ba ita ta fito ba, mu muka juyo,
kuma haskenta ma ya yi minti takwas a hanya.

Aka ɗaga sanda, motoci suka yi tari.
Na sunkuya na ɗauki ƙwayar geron,
na sa a aljihu tare da takardun kaya.
Muna tsakiyar gada na ce, ban dube shi ba,
"Wai nawa ne kuɗin jarrabawar nan?"