Hatimi da Laƙabi

Ƙarfe ɗaya saura, Ƙofar Ƙaura ta yi tsit,
sai ƙugin firji a ɗakin gwajin jini
da fankar sabar da ke huci ƙarƙashin teburina.
Gobe da hantsi mutum ɗari da ɗoriya
za su latsa waya su nemi sakamako.
Ni kuwa ga ni, manhaja ɗaya, ƙofa biyu.

Ta farko daga gidan da aka haife ta take,
da hatiminta, da sa hannun masu ita.
Tafiyarta ta mai ɗauke da ƙwai ce.
Abin da nake so ba ta da shi tukuna;
sai baɗi, in ji su, in sun gama gwaji.

Ta biyu wani ne ya haɗa a ɗakinsa,
a ƙasar da ban san yaushe ranarta ke faɗuwa ba.
Ya sa mata gishiri, ya ƙara mata gudu,
duk abin da na nema na ciki, har da gyara.
Sunansa? Laƙabi kawai, da hoton mage.
Shekara huɗu bai yi fashi ba, an ce.
An ce.

Kawu Barmo mai kayan babur
ya taɓa ɗora mini fulogi biyu a tafin hannu:
"Wannan na kamfani, wannan na wani gwani.
Na gwanin ya fi wuta, ba zan ɓoye maka ba.
Amma ran da ya mace maka a hanyar Jibiya,
rigar wa za ka kama?"

Ban raina mai hoton magen ba.
Ƙila ya fi su iyawa,
ƙila jiran taro ne ya ishe shi.
Sai dai mutum ɗaya ne. Yana zazzaɓi, yana tafiya,
yana iya samun aiki ya ja ƙofa,
ran da ɓaraka ta buɗe, masu kutse na sansana,
a ƙwanƙwasa, shiru.

Kuma abin da ke akwatin nan ba nawa ba ne.
Ba na leƙawa, amma na sani:
akwai sukarin wani dattijo,
akwai cikin wata biyu da mai shi ba ta gaya wa kowa ba.
Ba a gwada zurfin ruwa da ɗan wani a goye.

Na sauke ta gida. Na bi hatimin
harafi bayan harafi, kamar mai ƙirga kuɗin marayu.
Ya yi daidai.
Shafin zai ɗan yi nauyi.
Dakta Tasi'u zai yi tsaki, zan shanye.

Ta biyun ma ban kore ta ba.
Tana kan tsohuwar kwamfutata mai tsagaggen gilashi,
inda babu jinin kowa.
Zan ba ta damina guda in ga halinta.

An ɗauke wuta. Batir ya karɓa.
Koriyar fitila ta lumshe, ta buɗe.
Shayina ya daɗe da hucewa.