Abin da Ganga Ta Ji

Shekara goma sha tara nake gadin firamaren Aujara.
Na san kowace ƙusa da ta saki kwano,
na san sito da abin da ke cikinsa:
karyayyun bencina, kwalin alli da ya dunƙule,
da gangar fareti kife a lungu,
zanzaro ya yi gini a gefenta.

Sai ga Hansatu, 'yar Barau mai faci,
ta zo hutu daga karatun birni
da wata 'yar na'ura kamar sabulun wanka.
Ta ce, Baba Sallau, ara mini gangar nan.
Na ce sandunan sun ɓata tun zamanin hedimasta mai Basfa.
Ta ce, ai ba duka zan yi ba.

Ganga ba duka? Ai ta zama akushi.

Ta birkice ta. Ga wayoyin gindi, sirara, murɗaɗɗu,
dā sha biyu ne, saura bakwai.
Ta hura musu iska
kamar mai lallashin ɗanyen itace ya kama wuta.
Suka yi tsaki.

Ranar farko gero ta zuba, tafi guda,
tana karkata fatar a hankali,
sai na ɗaga kai ina neman hadari ta gabas.
Kashegari ta kai ta injin niƙan Tanimu,
ta ɗora a kan kifaffen turmi, ta ja da baya.
Ba wanda ya taɓa ta,
amma ganga na ta ɓari tana gunaguni ita kaɗai.
Masu jiran niƙa suka janye kwanukansu,
wata tsohuwa ta tofa addu'a.
Ta ajiye ta ƙarƙashin indararo bayan an ɗauke ruwa:
ɗis.
Ta jira.
Ɗis.
Ta saki buzuzu ya ratsa fatar,
ta ce in ji tafiyar ƙafa shida.

Yara na bin ta suna dariya.
Ubanta ya ce, kuɗin makarantar ke nan,
ya koma kan tayar da yake liƙewa.

Ni ban ce uffan ba.
Ban gaya mata ni ne yaron da ya fara rataya ta ba,
gajeren wando, ƙafa ba takalmi,
hagu, dama, har ƙofar gidan dagaci,
uwata a bakin danga tana rangaɗa guɗa.
Yanzu shekara shida hannun damana na rawa.
A asibitin Jahun an ce sai haƙuri.
Kofin shayi sai na tallafe da hannu biyu,
in za a gaisa sai na fiddo shi daga aljihu
kamar ɓarawon da aka kamo.

Ashe ta lura.

Daren da za ta koma ta ce, Baba, ɗora shi.
Kada ka buga. Ɗorawa kawai.
Ta maƙala mini abin sauraro a kunne.

Yatsuna suka sauka, suka ci gaba da halinsu,
wayoyi bakwai suka karɓa.
Wannan kiɗan ne, wallahi,
mai kama da zubar tsakuwa a faranti,
wanda Malam Jatau ya yi zango biyu yana koya mini
da bulala, ban iya ba.
Ga shi ciwo ya iya.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba.
Ta ce minti goma sha ɗaya.
Ta ce a can mutane za su zauna a ɗaki mai duhu su saurara,
ta tambayi sunan da za ta rubuta.
Na ce rubuta maigadi.
Ta rubuta Sallau.

Ganga ta koma sito, amma na rataye ta a ƙusa.
Tsakar dare, in babbar mota ta wuce da lodin riɗi,
sai in ji ta ta cikin bango tana gyaran murya.
Jiya ban ankara ba na ce, na'am.