Ja da Toka a Tudun Valparaíso

Ranar Asabar muka gangara gindin tudu,
ni da Nibaldo, igiyar awo a jakata.
Dillali ya jera mana su a bakin titi,
ɗaya ja, ɗaya ruwan toka,
ba jif ba, ba kuma ƙaramar mota ba,
tsaka-tsaki, masu ɗan tsayin ƙafa,
irin na magidancin da bai gama sallama da samartaka ba.

Ja muka fara hawa.
Nibaldo ya ɗan taɓa totur, ta zabura,
ta haɗiye hawan Cerro Alegre loma guda,
ta murɗe kwana ko karkata ba ta yi ba,
teku ya ƙanƙance a madubin baya.
Na ga haƙoran mijina, da na daɗe ban gani ba.
Amma gwiwar Amaro na dukan bayan kujerata,
ɗan sha uku, ƙafafu kamar gora,
kuma duk ramin da muka taka
sai da ƙashin bayana ya ƙirga shi.

Toka ba ta da wannan zafin kai.
A tsakiyar hawa ta yi nishi, ta lalubi giya,
ta samu, ta ci gaba
kamar mai ɗauke da madara a faranti.
Mai kuwa kurɓa take, ba ta kwankwaɗa.
Dillali ya faɗi nasa lissafin,
na zaftare masa kaɗan, don na san bakin dillalai.
Na buɗe but, na ja igiya:
faɗi ya isa, baki ya yi ƙasa,
keken guragun surukata ya shige a naɗe,
da sauran wurin kwandon kifi da jakar ƙwallo.
A cikin ja kuwa sai an cire masa taya ɗaya,
sannan a danne murfi da gwiwar hannu.

Na ce magana ta ƙare.
Don wa za mu ci bashin banki, in ba don Eduvigis ba?
Asibiti Talata, asibiti Juma'a.
Nibaldo ya gyaɗa kai, idonsa na can kan ja.

Litinin muka kawo ta ta gwada da jikinta.
A cikin toka ta zauna, hannu bisa cinya,
ta ce, "Da laushi. Kamar gadon asibiti."
A ja sai da muka tallafe ta mu biyu,
ƙofa ta yi ƙunci, kanta ya goge rufi.
Nibaldo ya ja a hankali, don girman uwa.
Ta harare shi: "Ƙwai ka ɗauko?
Taka!"

Ya taka.
Gidaje shuɗɗa da rawaya suka zube ta baya,
furfurarta ta tashi a iskar taga,
ta ƙyalƙyale da dariyar da ba mu ji ba
tun ranar da ƙafafunta suka juya mata baya.
"Shekara shida ana tura ni sannu-sannu," in ji ta,
"kowa na tsoron kada in fashe.
Ku bar mini abu ɗaya mai sauri."

Ja ce a ƙofar gidanmu yanzu,
tayoyin gaba a murɗe jikin dakali saboda gangara.
Gidan mai ya san ni da suna.
Amaro a karkace yake zama, yana ƙunƙuni.
Talata da Juma'a ni ce mai durƙusawa a titi,
in cire taya, in mayar da taya,
tafin hannuna baƙi ƙirin.

Wani sa'in tokar maƙwabta takan wuce,
but a cike, yara a miƙe, ba ta ko gaggawa,
in bi ta da ido har ta sha kwana.
Igiyar awo tana nan a aljihun mota.
Ba ta taɓa yi mini ƙarya ba,
mita biyar ce dai tsawonta,
tsohuwar kuma ta riga ta sauke gilashi tana jira.